Kwana Uku A Dajin Yankari, Da Bashin Ungulu Da Ke Kaina

  Na san kun saba in muka zauna sai zancen kwalliya da girki da yadda ake zama da miji lafiya, to yau dai ku yi haƙuri, daji zan kai ku. Kada wata ta yi saurin juya shafi tana cewa ina ruwan mace da namun daji, domin ni ma da haka na ɗauka, sai da na je na gano ashe da ruwanmu a ciki, har ma da tsakinmu.

Mafarin abin, wani dare ne da aka ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida ni da kakarmu da autarmu, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare. Iya tana ba mu labarin ƙauyensu, wai suna yara kura har bakin danga take zuwa da dare, in sun je itace kuwa sai sun ga barewa ta gilma. Sai auta ta dube ni ta ce, "Anti, wai a ƙasar nan tamu akwai giwa a daji da gaske, ko sai dai ta talabijin da ta gidan zu?"

Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Ni da na gama makaranta har nake rubutu a mujalla, na kasa ba yarinya amsa mai ƙwari. Maigida yana gefe yana jin mu, bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu sai ya ce in zaɓa, ko ya saya mini leshin nan da na daɗe ina yi masa naci, ko kuwa in an yi hutun makaranta ya kai mu Yankari mu gani da idonmu. Ke dai bari 'yar uwa, na sha kokawa da zuciyata a daren nan! Daga ƙarshe na ce leshi ba ya ƙarewa a kasuwa, mu tafi.

HANYAR YANKARI

Cikin watan Afrilu muka tashi daga Kano da sassafe, ana tsananin zafin bazara. Muka bi ta Birnin Kudu da Ningi muka shiga Bauchi. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga gandun take, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Na zaci da mun wuce ƙofa mun iso, ashe da sauran tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin baƙi na Wikki. Ba gida, ba gona, ba mai talla, sai itatuwa da kukan tsuntsaye. Auta ta maƙale a jikin taga, ko ƙifta ido ba ta so ta yi.

Ga 'yan makaranta masu son rubutawa, faɗin wannan daji ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. A shekarar 1956 aka keɓe shi, aka hana farauta da noma a cikinsa, sannan aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi abinta, kuma a hannunta yake har yau.

Waɗanda suka fara yi mana maraba a masauki ba mutane ba ne, birai ne, manya-manya masu dogon baki kamar na kare. Ina fitowa daga mota riƙe da ledar cincin ɗin da na kwana ina soyawa, sai ji na yi an fizge. Kafin in waiga goga ya haye kan katanga, ya zauna yana kwance leda cikin natsuwa sai ka ce da kuɗinsa ya saya. Na kurma ihu, maigida kuwa me zai yi in ba dariya ba. Wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, nan gidansu ne, ku ne baƙi. Ku dinga rufe ƙofa da taga." Can gefe kuma ga mugun dawa da 'ya'yanta sun durƙusa suna kiwo, ko kallo ba mu ishe su ba.

Da yamma muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Kai jama'a, gani ya kori ji! Ruwa ne garai-garai yake fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, kana hango farin yashin da ke ƙasansa kamar a cikin kwano. Ɗuminsa ba ya canzawa, digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, don haka da sanyi a ji shi da ɗumi, da zafi kuma a ji shi da daɗi. Daga nan yake gangarawa ya faɗa Kogin Gaji, wanda shi ne ran dajin gaba ɗaya. Ni dai ƙafa kawai na tsoma, auta kuwa da kyar muka raba ta da wurin.

IDO HUƊU DA GIWA

Washegari tun da duku-duku muka hau buɗaɗɗiyar mota tare da wani dattijon jami'in gandu, wanda ya ce ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Ya bayyana mana cewa rani ne lokacin ganin dabbobi, saboda ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole kowa ya gangaro Kogin Gaji shan ruwa. Mun ga gwambaza da mazo da kanki, mun ga garken ɓauna sun tsaya suna hararar mu, mun ga kada ta baje a bakin ruwa baki buɗe. Amma giwa ko ƙyallinta. Sai kashinta kawai muka gani tuli-tuli a kan hanya, da rassan da ta kakkarya.

Auta ta cika ta yi fam. Dattijon ya ce, "'Yata, nan ba gidan zu ba ne da ake ɗaure dabba don ki gani. In kina da rabo za ki gan ta."

Rabon kuwa ya zo a yammacin rana ta biyu. Muna cikin tafiya sai ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Tsit muka yi. Can sai muka ji ƙarar karyewar reshe, sai ga wani abu toka-toka kamar ɗaki yana fitowa daga cikin kurmi. Wata ƙatuwar giwa ce a gaba, ta tsaya ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iska. Ban san lokacin da na damƙe hannun maigida ba. Da ta tabbata ba cuta a tare da mu, sai ta tsallaka hanya, saura suka biyo ta a jere, har da wani ɗan ƙarami da ke tafe yana tuntuɓe a tsakanin ƙafafun manya. Na waiga in ga auta, sai na ga hawaye na bin kumatunta.

Cikin raɗa dattijon ya ce, "Hajiya, kin ga waccan ta gaban? Ita ce uwar garke. A wajen giwaye mace ce shugaba."

Ashe garken giwaye na mata ne da 'ya'yansu: kaka da uwa da inna da yayye. Namiji in ya tasa sai ya bar garke ya kama gabansa. Tsohuwar ce ta san inda ruwa yake in an yi fari, ita ta san hanyar da babu hatsari. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kusan shekara biyu, ta haifi ɗa guda ɗaya tal mai nauyin kimanin kilo 100, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa. To ku auna da kanku, 'yan uwa. Abin da aka yi wata 22 ana rainon cikinsa, harsashi ɗaya ke kayar da shi cikin ƙiftawar ido, don kawai a cire haure biyu a sassaƙa abin ado. In kuma uwar garke aka harbe, an bar marayu ba mai nuna musu hanya.

ABIN DA YA RAGE MANA

A kan hanyar komawa na tambayi dattijon ko giwaye nawa ne a dajin. Ya ce a ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 sun haura 300, amma bayan 'yan shekaru da masu neman haure suka yi musu ɓarna, sai aka ƙiyasta saura tsakanin 100 zuwa 150. Duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. Abin farin ciki, daga 2014 wata ƙungiyar kare namun daji ta duniya da ake kira WCS ta haɗa hannu da Gwamnatin Bauchi aka ƙarfafa sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Daga 2015 aka yi shekaru a jere ba a sami labarin an kashe ko ɗaya ba.

Zaki kuwa, wanda muke yi wa kirari da manyan dawa, ba mu gan shi ba sam. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage a ƙasar nan duka ba su kai 50 ba, a Yankari da dajin Kainji. Raƙumin dawa da kyarkeci, da a da suke yawo a Yankari, sun riga sun ƙare a can.

Matsalar ba ta masu haure kaɗai ba ce. Akwai mafarauta masu neman naman sayarwa, akwai masu shigar da shanu kiwo da rani, akwai masu sare itatuwa a gefen daji suna gawayi. Masu gadin gandu kan yi kwana da kwanaki a ƙafa suna sintiri, wasunsu har sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, sun bar mata da 'ya'ya. Amma dattijon bai ɓoye ɗaya gefen ba. Ya ce manomin da giwaye suka shiga gonarsa dare ɗaya suka cinye abin da zai ci shekara, ba za ka ce masa ya so giwa da fatar baki ba. Shi ya sa ake sa ido a kan inda garke ya nufa, a sanar da mutanen ƙauye da wuri, a kora su daji kafin su yi ɓarna.

Ba Yankari ce kaɗai muke da ita ba. Akwai gandayen daji na ƙasa guda bakwai da suka daɗe: Tafkin Kainji, da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa wanda ya fi kowanne girma, da Kamuku a Birnin Gwari, da na yankin Tafkin Chadi, da Tsohuwar Oyo, da Okomu, da Kuros Riba. A 2020 gwamnati ta amince a ƙara guda goma, cikinsu har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamar Haɗeja a Jigawa. Sai dai kowa ya san abin da ya sami wasu dazuzzukan namu. Sambisa da kuke jin sunanta gabanku na faɗuwa, asalinta gandun namun daji ce. Dajin da aka bari ba mai kula da shi ba ya zama haka nan, in dabbobi sun ƙare miyagu ne ke tarewa.

INDA ZANCE YA ZO KAINA

Muna dab da isa masauki, sai dattijon ya nuna wata bishiya ya ce, "Ku dubi can, yau kun yi sa'a biyu." Na ɗaga kai, sai ga ungulu guda biyu a kan reshe. Auta ta ce, "Baba, wane tsuntsu ne wannan mai sanƙo?"

Gabana ya faɗi. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, haifaffiyar Kano, ba ta taɓa ganin ungulu ba! Mu da muka tashi muna ganin su birjik a mahauta da bayan kasuwa, har muna karin magana da su, muna cewa ungulu ba ta jewar banza. Sai a lokacin na tuna rabona da ganin ta an yi shekaru, ban ma lura ba.

Dattijon ya ce tun 2015 aka sa irin wannan ungulu tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Na ce, "Malam, to me ya cinye su? Ai ba a cin namanta." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, masu magani ne. Kanta da ƙwanta da gashinta duk kuɗi ne. Wani sai ya zuba guba a mushe ya kashe goma a tashi ɗaya. Kuma ki gafarce ni, da yawan masu kai kuɗin nan mata ne."

Daga nan ban sake cewa komai ba har muka sauka. Maigida ya yi ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce, 'yan uwa, kunya ce, kuma yau zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekaru shida da suka wuce, lokacin da na ji ƙishin-ƙishin maigida zai ƙara aure, hankalina ya tashi, na daina ci na daina barci. Wata ƙawata ta ce in share hawayena, ta ja ni wajen wani mai magani a wani lungu. Ya ce aikin ba zai ci ba sai da kan ungulu da ƙwanta, ya yanka mini kuɗi masu yawa. Na sayar da zoben gwal ɗina na kai masa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina daga ina za a samo su ba. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Ashe da zobena na sayi ran uwa da ɗanta.

Kuna so ku ji ƙarshen aikin? Amarya ta tare ranar da aka sa, ko awa ɗaya ba a ɗaga ba. Yau muna zaune lafiya da ita, 'ya'yanta a ɗakina suke wuni. Zobe ya tafi, ungulu ta mutu a banza, ni kuma aka bar ni da nauyi a zuciya.

Kada ku ce don tsuntsuwa mummuna ce ba a yi asara ba. Ita ce mai sharar gari da ba a biyan ta albashi. Cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe, ta cinye shi kafin ya ruɓe ƙudaje su kwaso su kawo kan abincin 'ya'yanmu. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai da suka rasa ta suka san amfaninta.

TO MU ME ZA MU IYA?

Maharbi ba ya shiga daji sai ya san akwai mai saye. Don haka farkon abin da ke hannunmu shi ne mu riƙe kuɗinmu. Duk wanda ya ce miki sai da kan ungulu ko kitsen zaki ko fatar damisa saurayi zai so ki, ko miji zai ji maganarki, to aljihunki yake so. Ni ganau ce, ba jiyau ba. Haka nan in an kawo miki tallan ɗan biri ko 'yar barewa a kan titi, ki sani sau da yawa sai an kashe uwar ake samun ɗan.

Na biyu, murhunmu. Kowane buhun gawayi da ke shiga madafinmu bishiya ce aka kayar a wani daji. Ban ce kowa na da halin sayen gas ba, amma akwai murhu mai tattalin itace, akwai rufe tukunya, akwai jiƙa wake kafin a ɗora, akwai kashe wuta da zarar an sauke. Kuma wadda ta sami wuri a gidansu ta dasa ko da darbejiya ɗaya ce, ta shayar da ita da ruwan wanke-wanke.

Na uku, ku 'yan makaranta. Ku roƙi malamanku su shirya muku ziyara irin wannan a inda hanya ke da lafiya. Ku kuma sani wannan fanni karatu ne sosai, ana yin sa a jami'o'inmu, akwai ma kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a Sabuwar Bussa ta Jihar Neja. Kada wani ya ce muku aikin maza ne. Wangari Maathai 'yar ƙasar Kenya mace ce, a 1977 ta fara tara matan karkara suna dasa itatuwa, a 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Kuma kada ku ce an makara. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage musu a yankin Kure, kusa da Yamai. Gwamnati da mutanen ƙauyuka suka tashi tsaye suka hana taɓa su, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi.

Da muka dawo gida, auta ta zauna gaban Iya tana ba ta labarin uwar garke da ɗanta mai tuntuɓe, tana kwatantawa da hannu. Iya ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da saura." Tun daga ranar yarinyar nan ta ce ita ba likitan mutane za ta zama ba kuma, na dabbobi za ta zama, kuma na yi mata alkawarin zan tsaya mata.

Maigida kuwa, na san a wannan shafi zai fara jin inda zoben nan ya tafi, wanda na ce masa ya faɗi a gidan biki. Yallaɓai, a yi mini afuwa, kishi kumallon mata ne. Ku kuma 'yan uwa, duk wadda ta san rabonta da ganin ungulu a garinsu, ta rubuto mana ta faɗa mana shekara nawa ke nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.